Tayar da ta riga mu zuwa Kwangila

Jama'a, yau na tafka wauta da furfurata!

Ɗana Sani ya yi tafiya, ya bar min makullin motarsa. Jiya ya kira ni: "Baba, kamfanin ya ce a mayar da irin motar nan, notikan tayarta na kwancewa. Kar a tuƙa ta sai an canza."

Ni kuwa babban injiniya, na zagaya na daki kowace taya da ƙafa. Garau! Na kwashi matata Hajiya da jikata Ummi, sai biki a Kwangila.

Muna tafe Ummi ta ce, "Kaka, ga wata taya tana wuce mu!"

Har na yi dariya na ce, "Ta wane sakaran ce?"

Ƙuuu! Mota ta durƙusa. Goshin Ummi ya bugi kujera, nan take ya kumbura. Hajiya sai salati, ko kallona ba ta yi ba.

Ina rarrashin yarinya sai ga kiran Sani. Na ɗaga wayar, shi ke ta magana:

"Baba, gobe za a zo a ɗauke ta. Gara da kai na bar wa makulli. Da yaran nan ne, da tuni sun fita da ita."