Tulun da Wangdu Ya Tare Hanya da Shi

Ka taɓa ɗaure kayan tafiya sau uku, ka kwance sau biyu, alhali ko taku hamsin ba ka yi daga ƙofar gidanka ba? Haka ta faru da Yangzom, maƙwabciyata a ƙauyenmu na cikin duwatsun Dolpo.

Shekararta hamsin da bakwai, 'ya'ya huɗu, shanun yak goma sha ɗaya. Tun tana budurwa take burin zuwa Shey ta kewaya dutse mai tsarki, amma kullum sai wani abu ya gitta: goyo, girbin sha'ir, jinyar uwar miji. Bana ta ce ko da rarrafe ne sai ta je. Wata biyu tana gwada ƙafarta. Kowace safiya ta loda duwatsu a kwando, kilo goma sha biyu, ta kewaya ɗakin ibada sau ashirin. Gwiwar hagu ta kumbura sau biyu, ta shafe ta da man shanu ta ci gaba.

Tafiyar kwana shida ce, da mashigin dutse biyu waɗanda ba a haye su mutum ɗaya. Ayarin masu ziyara ya sauka a bakin gada ƙasan ƙauye, sun ce kwana uku za su yi su tashi. Wanda ya makara, sai dai ya ji labari.

Ranar farko ta fito da kayanta a baya, sai ga mijinta Wangdu ya ɓullo daga lungu rungume da tulu babu ko ɗigon ruwa. A wajenmu kuwa duk matafiyin da ya fara cin karo da tulu wayam, gida yake komawa sai gobe. Ta koma. Wuni ta yi ba ta zauna ba: ta auna garin sha'ir ta ga mudu huɗu ne, ta sake aunawa, ta sake ɗinke takalmin da ba abin da ya same shi, ta leƙa gada sau bakwai.

Kashegari ma haka, lungu ɗaya, tulu ɗaya. Wangdu ya ce shi ruwa zai ɗebo, laifinsa ne hanyar rafi ta biyo nan? Tana kwance kayan ne abin ya faɗo mata. Shekara talatin da huɗu da aurensu, mutumin nan bai taɓa ɗebo ruwa ba. Ta kuma tuna ƙaninsa da dusar ƙanƙara ta binne a mashigi na biyu, shekara goma sha tara ke nan.

Rana ta uku hantsi bai yi ba aka fara jin ƙararrawar shanun ayari, suna ɗaura kaya. Ta fito, shi ma ya fito da tulunsa, yana kallon ƙasa.

"Baban Pasang, yau ma ruwa za a ɗebo?"

"Ruwa mana."

"Ka san ma inda rafin yake kuwa?"

Ya ce, "Gwiwarki ba za ta kai ki ba, tsohuwa. Wa zai dafa mini shayi in dutsen ya riƙe ki?"

Yangzom ba ta kalli cikin tulun ba. Ta kwanto babbar gorar ruwanta, ta tuttula ruwan duka a cikin tulun, ta karɓi tawa da nake tsaye da ita ta ƙara, har ya tumbatsa ya jiƙa masa riga.

"To, ga shi na ci karo da tulu cike, kuma a hannun mijina. Wace sa'a ta fi wannan?"

Wangdu ya daɗe yana kallon ruwan. Zubarwa dai ba zai yi ba, a ce shi ya ɓarar da sa'ar matarsa. Ya ajiye tulun a hankali, ya cire kwandon daga bayanta ya saɓa, yana gunaguni wai ta cika shi da yawa. Taku ɗari takwas da arba'in ne zuwa gada, na ƙirga. Suka isa ana kora sa na ƙarshe. Ya ɗaura mata farin ƙyalle a wuya, ya ce a mashigi na biyu ta ɗora dutse ɗaya don ƙaninsa.

In kai ma akwai tafiyar da kake ta ɗagawa, loda kilo goma sha biyu a baya gobe da safe ka kewaya gidanku sau ashirin. Don Allah ka gwada, ka ga wa zai fito da tulu.