Biyu, Biyar, Biyu

Kafin wani ya riga ni faɗa, wawan labarin nan ni ne, da gemuna da komai.

Wata shekara bayan girbi na sayo kwaɗo a kasuwar Funtuwa, irin wanda ba shi da makulli, lamba uku ake jerawa ya buɗe. Na garƙame ɗakin da ke jikin zaure, inda na ware buhun masarar iri. Da yake mantuwa ta fara yi mini sallama, sai na rubuta lambar da gawayi a saman ƙofa: 252. Ko a jikina. Ni kaɗai na taɓa zaman benci a gidan, har aji huɗu kuwa. Mai ɗakina allo ta yi, komai ta dama take faro shi. Ta taɓa danna lambar wayar ƙanwarta daga ƙarshe zuwa farko, ta wuni tana cewa babu sabis. Na ce wannan ko ta shekara tana murɗawa, a baibai za ta jera.

Sai buhu ya fara rama. Kwaɗo a kulle, ƙofa lafiya lau, amma wuyan buhu kullum ƙara tsawo yake. Na zargi mai kwaɗon, na ce lamba ɗaya ya sayar wa duk gari. Daga baya zargina ya sauka kan maƙwabcina, mutumin da muke gayya tare tun muna samari, don na taɓa ganin ya ɗaga kai a bakin ƙofar. Na fara amsa gaisuwarsa da hanci. Na barbaɗa toka a ƙasa don in ga sawu. Washegari na tarar an share ta tas, har da yayyafin ruwa. Na ce lallai ɓarawon nan ya ƙware.

Na zura babbar riga zan kai ƙararsa wurin mai unguwa, sai ga mai ɗakina da ƙwarya. Ta raɓa ni, ta dubi gawayin, ta murɗa. Kwaɗo ya buɗe baki.

Na ce, "Ke! Ta ina kika karanta?"

"Ta dama, yadda aka koya mini."

Na bi lambar ta dama, na bi ta ta hagu, duk biyu, biyar, biyu. Na gyara murya na ce, "Iri ne fa kike ɗiba!"

Ta ce, "Malam, na ce maka hatsin ci ya ƙare, kana ta sauraron rediyo. Yi sauri kar mai unguwa ya fita. In ya tambaye ka ɓarawon, ka ce wanda ya nemi ƙarin tuwo jiya ne."