Ƙwanson da Uwar Ƙaya Ta Bari Babu Suna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji, mijinki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Malama, na rasa wa zan fara gaya wa a sashen nan namu na jami'a, domin cikin wata huɗu da kika yi a kwance, ban da ni babu wanda ya taka asibiti.

Shekara goma sha tara ina niƙa miki dutse. In narkar da shi da asid, in tace, in ɗiga abin da ya rage a kan fallen gilashi, ke kuma ki duƙa a kan madubin ƙara girma. Ranar da na fara aiki na tambaye ki me muke nema. Kika ce wasu ƙananan halittun teku ne, dainofilajilet; in ruwa ya yi musu tsanani sukan rufe kansu cikin ƙwanso, in an samu sauƙi su buɗe ƙofa su fice, ƙwanson ya nutse cikin laka har lakar ta zama dutse. Shi muke nema, abin da bai fi kaurin gashin kai ba. Na ce a raina, lalle boko ya yi wa baiwar Allah nan yawa.

Ɗalibai suka laƙaba miki Uwar Ƙaya, saboda yadda kike sa su ƙirga ƙayoyin da ke jikin kowane ƙwanso. Wanda ya ce "kamar arba'in", sai ki ce, "Kamar ba lamba ba ce, ɗana, koma ka ƙirga." Ga faɗa, ga zuciya fara. Ranar da asid ya fantsamar mini a hannu, ke kika riƙe shi a ƙarƙashin famfo kina yi mini tsawa, sannan kika tuƙa ni asibiti ko takalmi babu a ƙafarki.

Sai wancan ƙwanso da ya cinye miki shekara bakwai. Manya suka ce tsohon iri ne da kowa ya sani. Kika ce sam: ƙayarsa ta rabu uku a baki, kuma ƙofarsa falle biyu ce, ba ɗaya ba. Kika auna irinsa ɗari uku, mujallar masana ta dawo miki da rubutunki sau biyu, ba ki saki ba. Ke kika koya mini cewa sabon suna ba ya tabbata sai an nuna ƙwanso ɗaya tak an ce shi ne asali, an adana shi inda kowa zai zo ya gani. Lambar gilashinsa, da daidai wurin da yake kwance a kai, duk suna kan 'yar takardar da kika liƙa a gefe.

A watanki na biyu a asibiti, shugaban sashe ya ba sabon mataimakinsa ofishinki. Aka loda gilasanki a kwalaye, aka jibge a baranda, ƙarƙashin bututun da kowa ya san yana yoyo. Na je na roƙi shugaban a ɗauke su daga nan. Ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Ai gilashi ba ya ruɓewa." Gaskiyarsa, amma takarda fa? Gilashi ɗari shida da arba'in, duk takardunsu suka jiƙe suka saɓule. Duk zuwana asibiti kina tambaya, "Gilasaina fa?" Ina cewa suna nan lafiya. Ƙarya na yi miki, Malama, kuma tana ci na har yau.

Kwana uku bayan mun binne ki, wasiƙar mujalla ta iso: sun yarda sabon iri ne, sabon hoton wancan ƙwanson na asali kawai suke so cikin kwana talatin. Shugaba ya karanta ta a taro da murya mai rawa, yana cewa "'yarmu abin alfaharinmu", aka yi ta tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Na tashi na fita don kada bakina ya ja mini.

Na duba gilashi ɗari biyu da tara, ɗaya bayan ɗaya, ina neman ƙwanson nan na asali, ban same shi ba. Saura kwana goma sha biyu, kuma idona ba irin naki ba ne, ruwa yake yi tun kafin azahar.

Jiya na koma gaisuwa. Mahaifiyarki, tsohuwar da ta yi shekara talatin tana share makaranta don ki yi karatu, ta kama bakin rigata ta ce, "Ɗan nan, ta ce za ta sa wa abin nan nata sunana. An sa kuwa?" Na ce, "Ana kai, Inna." Ta ce Allah Ya yi mini albarka.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya haskaka kabarinki, Ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki da 'ya'yanki biyu. Allah Ya ba su haƙurin rashi. Waɗanda suka jibge aikinki a ruwa kuwa, ban yafe ba tukuna, ba kuma zan yi ƙaryar na yafe ba. Inna kuma, Allah Ya ba ta juriya, Ya sa kada ta sake tambayata kafin in samo mata amsa.