Tumbin Darakta Yahuza

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka juye a Dutse har da Malam Yahuza, mutumin Buji, siriri kamar karan dawa. Akawu ne mai ƙwazo, sai dai ƙwazo ba ya cika riga. Ranarsa ta farko a ofis wani ɗan kwangila ya zaci masinja ne, ya miƙa masa makulli ya ce ya ɗauko masa jaka a mota. Yahuza ya ɗauko jakar, amma abin ya tsaya masa a rai.

Daga ranar ya sa neman tumbi a gaba, ba wasa. Da safe waina, da rana tuwo yana ninƙaya a man shanu, da la'asar balangu, kuma inda kitsen yake nan yake nuna wa mai nama. Allah ya amsa. Tumbi na fitowa, ƙarin girma na zuwa, har ya sakankance tumbin ne ke jawo shi. Duk sallah telansa Zailani zai zagaya shi da tef ya ce, "Ranka ya daɗe, an samu ƙarin inci biyu." Shi kuma ya ce alhamdulillahi. Kafin shekarar 2000 ya zama Alhaji, ya zama darakta, babu mai sake aikensa.

Wata safiya yana hawa benen ofis ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya karyo masa. Matarsa Hajiya Mahbuba ta raka shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likita ya ciro tef irin na Zailani sak, ya zagaya shi. Yahuza har ya ɗan turo cikin, don sabo.

"Alhaji, wannan ba arziki ba ne," in ji likitan. "Kitsen ciki yana tafiya tare da toshewar hanyoyin jini. Ku maza da wuri yake fara muku, mata kuwa sai al'ada ta ɗauke sannan su biyo sahu. Hajiya ma ta kama hanya. Ga magani, a bar kitse, kuma kullum ku taka da ƙafa rabin awa."

Gaskiya Yahuza ya tsorata. Yana son ransa, yana son ya ga ritaya ya koma gonarsa a Buji. Washegari da hantsi ya fito da ƙafa. Ko kwanar layinsu bai sha ba Mu'az, wani ƙaramin ma'aikacinsa, ya ci burki.

"Subhanallahi! Ranka ya daɗe, motar ce ta lalace?"

"A'a, likita ne ya ce in riƙa takawa."

"Haba ranka ya daɗe, ina raye? Wallahi sai ka shiga."

Ya shiga. Rana ta biyu ɗan kwangilar nan mai jaka ne ya ɗauke shi, har da buɗe masa ƙofa. Rana ta uku ya ƙi shiga motar kowa, kafin azahar labari ya gama sakatariya cewa an ƙwace motar darakta, an kafa masa kwamitin bincike. Har gida aka zo masa jaje. Wannan kam ya fi ƙarfinsa. Ya auna ciwon ƙirji da jajen mutane, ya ga ciwon ƙirji ya fi sauƙi, ya koma kujerar bayan mota.

Hajiya Mahbuba kuwa babu wanda ya dame ta. Lokacin shari'a ne, mace irinta tana jin nauyin hawa acaɓa, kuma babu namijin da zai tsaya ya rage wa matar wani hanya. Kullum ta zura hijabi ta taka zuwa Islamiyya ta dawo. Kafin shekara ta zagayo zani ya fara yi mata yawa.

Shekara uku bayan haka Alhaji Yahuza ya faɗi a kan teburinsa, bai tashi ba. Abin tausayi, saura wata bakwai ya yi ritaya. Aka ɗauke shi a makara, ana ta karɓa-karɓa saboda nauyi.

Da aka dawo, Mu'az ya shigo yi wa Hajiya ta'aziyya, rigarsa sharkaf da gumi. "Hajiya, an yi rashin babban mutum. Rabin awa cur muka yi da shi a kafaɗa kafin mu kai maƙabarta."

Ta share hawaye da bakin hijabi. "Rabin awar da likita ya ce ke nan," ta ce. "Yau dai kun bar shi ya cika ta ba a mota ba."