Luguden Lanti

Har gobe ban manta da ranar da Lanti ta dire mana ƙullin maganinta a kan tebur ba. Lokacin ina sabuwar ma'aikaciyar jinya a Matameye, ƙarƙashin Malam Isufu, majonmu, wato shugaban masu jinya.

Lanti mutuniyar Tsauni ce mai farfaɗiya. Tun da ta faɗi a bakin turmi ranar wani suna, mata suka daina kiranta lugude, wai ana ɗaukar ciwon. Alhali duk garin babu mai hannunta a daka. Ta rame, barci ya ƙaurace mata, dariya ma ta daina.

"Majo, maganinku kasala yake sa ni," in ji ta. "Ni ƙarfi nake nema."

Ni da ɗanyen kai har na buɗe baki zan yi faɗa. Malam Isufu ya harare ni, ya jawo kujera.

"Lanti, in ku uku kuna turmi guda, me ke hana taɓare karo?"

"Kowa tana jiran 'yar'uwarta ta ɗaga mana."

"To, haka ƙwaƙwalwa take. Akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu bugawa, akwai masu cewa dakata. Masu dakatarwar su ke daidaita kiɗan, har barci da walwala da hannunsu a ciki. In sun yi rauni, kowa ya buga lokaci guda, sai ki faɗi. Masu dakatarwar nan su maganin yake ƙarfafawa. Kasalar kuma za mu duba awon maganin."

Sai ta mayar da ƙullin cikin zanenta. Shi kuwa ya hau babur har Tsauni, ya gaya wa matan cewa farfaɗiya ba ta yaɗuwa.

Da kaka 'yarta ta haihu. Lanti ta zo da kanta, fuska cike, tana cigiyar majo ya je sunan ya ji lugudenta. Ni ce na gaya mata ya rasu da damina.

Ni kaɗai na je sunan. Tun daga bakin gari na gane taɓaryarta, tana cilla ta sama, ta tafa, ta cafe. Na tsaya jikin darni na sha kukana.

Ku sababbin shiga aikin jinya, in mara lafiya ya ture magani, ku jawo kujera ku ji abin da ciwo ya raba shi da shi. Yanzu injin niƙa ya ci gari, amma duk inda na jiyo lugude sai na dakata. Wallahi ina kewar mutumin nan, na so a ce ya ji.