Madugun Ranar Asabar

Duk wanda ya yi aikin ramin yuraniyom a Arlit ya san Nomau, in bai san sunansa ba to ya san ƙeyarsa, domin shekara da shekaru shi ke tuƙa kar, wato bas ɗin da ke kwasar ma'aikata daga gari zuwa bakin rami. Mutumin Tawa ne, dogo siriri, ya zo arewa tun gemunsa bai tsiro ba da niyyar cin rani ɗaya ya koma gona. Ranin ne bai ƙare ba har yau. A filin unguwar ma'aikata ya fara ganin basket, wato ƙwallon kwando, aka ja shi ciki don tsawonsa kawai, shi ke nan wasan ya shiga jininsa. Da ya ajiye tuƙi, tsaransa wasu suka buɗe shago, wasu suka koma gida, shi kuwa ya rataya usur a wuya ya karɓi ƙungiyar samarin wani lise, wato makarantar sakandare, ba albashi ba komai. Matarsa Mairamu takan ce ta ga masu tsufa da carbi, amma mai tsufa da usur sai a gidanta.

Mutum ne mai daɗin zama, sai dai bai iya gaya wa kowa magana marar daɗi ido da ido. Haka ya ga manya na yi a ƙasarsu ta Adar: magana mai nauyi ba a jefa wa yaro, gidansu ake kai ta a ajiye gaban babba, babban ya san yadda zai sauke ta. Shi a wajensa wannan ladabi ne. Gaskiyar magana rabinsa ladabi ne, rabinsa tsoro.

A bana ƙungiyarsa ta kai wasan da ba ta taɓa kaiwa ba. 'Yan wani lise na Agadas za su zo ranar Asabar, wanda ya ci shi zai tafi ya wakilci jaha a gasar ƙasa. Matsalar a wuri ɗaya take, wurin ɗan wasan da ke ɗauko ƙwallo daga baya yana rabawa, wanda Nomau ke kira madugu. Yana da madugai biyu, fili kuwa ɗaya zai ɗauka a farkon wasa.

Na farko Bashar ne, ɗan ajin ƙarshe, wanda ya daɗe riƙe da wurin. Ƙwallo ba ta kuɓuce masa, ya san wanda ke son ta a sama da wanda ke son ta a ƙirji, amma nauyin ƙafa gare shi, kafin ya tsallaka tsakiyar fili abokan hamayya sun koma sun jeru suna jiransa. Na biyun Attaher ne, sabon shiga, ɗan makiyaya daga Gugaram da aka kawo gidan 'yan'uwa don karatu. Shi wannan yakan zubar da ƙwallo ta haushi, ya jefa wa wanda bai shirya ba, amma yana ganin ƙofa inda kowa ke ganin bango, gudu kuwa ba a magana. In aka raba yara biyu a wajen horo, ɓangaren Attaher ke ci. Kowa ya gani, har masu kabu-kabun da ke fakewa a inuwar katanga sun fara tsoma baki.

Da zancen ƙwallo ne kaɗai, da Nomau bai rasa barci ba. Bashar ɗan amininsa ne, marigayi Ramalan, wanda ya yi aiki a ramin Akokan har aka rufe shi, bai daɗe ba kuma ya kwanta ciwon ajali. Yaron ya faɗi jarrabawar bak ta gama sakandare bara, yana maimaitawa, ga jarrabawar ta sake matsowa. Kawunsa Almustafa yana da babbar mota da ke kai ruwa wuraren haƙar zinariya can cikin sahara, kuma ya daɗe yana neman yaron ya bi shi. Nomau ya ga samari da yawa sun hau irin motar nan. Wasu sun dawo da sabon babur, wasu da tarin da ba ya jin magani, wasu labarinsu kaɗai ya dawo. Ya kuma san abin da ke tayar da Bashar zuwa makaranta kullum safe ba lissafi ba ne, dokar makarantar ce da ta ce wanda bai shiga aji ba ba ya taka fili. In wurin nan ya kuɓuce wa yaron, me ya rage da zai riƙe shi har jarrabawa?

Tun ranar Litinin abinci ya daina wuce masa. Ya zauna gaban tuwo yana zana 'yan wasa da yatsa a kan tabarma. Mairamu ta ce ya fara wasan da babban ya huta wa ransa, da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce haka ne. Da la'asar ya je fili, ya ga Attaher ya ratsa mutum uku kamar ba su nan. Shi ne fa ya shekara yana gaya wa yaran nan fili bai san gemu ba, wanda ya fi shi zai shiga. Sauran yaran ma 'ya'yan mutane ne, wasunsu ba su taɓa wuce Agadas ba, sun ɗora rai a kan tafiyar nan. Ya hana su don ɗan amininsa?

Attaher da kansa ya ƙara dagula lissafin. Ya same shi yana kwance ragar kwando, ya sunkuyar da kai ya ce da irin Hausarsa, "Malam, wurin na Bashar ne, shi babba. Ni ina jira, ƙwallo ba ya gudu." Nomau ya ji kunya ta rufe shi, ya sa masa albarka. A daidai lokacin Bashar na can ƙarshen fili yana jifa shi kaɗai, yana satar kallonsu.

Ranar Alhamis ya yanke: Attaher zai fara, Bashar ya shigo daga baya in wasa ya natsu. Sau biyu ya kira Bashar gefe don ya gaya masa, sau biyun ya ƙare da tambayarsa lafiyar mutanen gida. Sai halin nasa ya motsa. Bayan sallar Juma'a ya nufi tashar mota, inda uwar yaron, Halimatussa'adiya, mutuniyar Damagaram, ke sayar da shinkafa da wake. Aka gaisa, aka yi wa marigayi addu'a, aka taɓa zancen zafi da tsadar gawayi, sannan ya gyara murya.

"Sa'adiya, bisa zancen yaron ga ni zo. Gobe ba shi za ya hwara wasa ba, wani ƙaraminai za ni sawa. Ki lallashe shi, ki hwaɗa mai ba yada shi ni yi ba."

Ta ajiye ludayi ta dube shi. Ta tambaya ko wancan ɗin ya iya, ya ce ya iya ƙwarai. Ta ce to alhamdu lillahi, ba komai, za ta yi masa magana. Har da zuba masa abinci a leda ya kai wa Mairamu.

Sauƙin nan ne ya tsorata shi. Ya zo da shirin roƙo da ban haƙuri, sai ya tarar da fuska a sake. Ya kama hanyar gida. Ya yi tunanin komawa, ya ga ba shi da abin da zai ce in ya koma. Da gari ya waye ranar Asabar ya gaya wa Mairamu ya canza shawara, Bashar zai fara, a ci ko a sha kashi, yara su yi ta zaginsa a ɓoye. Ta ce da ya ji maganarta tun Litinin da bai rame ba.

Ya riga kowa zuwa fili. Yara suka iso ɗaya bayan ɗaya, motar 'yan Agadas ta iso, 'yan kallo suka cika katanga. Babu Bashar. Ya kira wayarsa, a kashe. Ya tambayi abokansa, suka ce rabonsu da shi tun jiya. Ya roƙi alƙalin wasa a ɗan jinkirta, aka jinkirta har mutanen Agadas suka fara ƙorafi. Dole ya tura Attaher.

Yaron ya yi wasa, wannan ba a musu. Ya zubar da ƙwallo biyun farko, daga nan ya kama hanya, katanga ta ɗauki sowa. Nomau dai rabin idonsa na kan ƙofar makaranta. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ya waiga ya ga ko Bashar ne.

Ana hutun rabin lokaci ya hango Halimatussa'adiya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa cikin maza. Ya isa wajenta kusan da gudu. Ta miƙa masa leda da hannu biyu. Rigar wasan Bashar ce a ciki, an wanke an goge an ninke.

"Malam Nomau, na zo godiya ne. Kawunsa ya daɗe yana matsa mini, kunyarka ce ta hana ni. Na ce muddin kana bukatar yaron nan ba zan raba ku ba, kai ne madadin ubansa. Da ka ce ka sami wani, sai na ji nauyi ya sauka. Sun tashi bayan sallar asuba."

"Jarrabawa hwa?"

"Ya ce in ya dawo."

Ta yi masa fatan nasara ta juya, don ta bar tukunya a wuta. Nomau ya tsaya riƙe da ledar. Alƙali ya busa usur. Attaher ya rugo yana haki, gumi na zuba, yana dafe da haƙarƙari.

"Malam, na gaji sosai. Bashar ya zo? Ya karɓe ni kaɗan."

Nomau ya dube shi. "Koma, ɗana," ya ce. "Babu wani."