Ɗurin da Ya Rage a Bindigata

Ranar da dillali ya zo duba gidana na Utako, bai tsaya kan tsagar bangon zaure ba, bai kuma kula da kwanon da ke yoyo ba. Abin da ya tsayar da shi a ƙofar ɗakina shi ne bindigar adaka da ke rataye bisa ƙusa biyu, a saman gadona.

Ya ce, "Baba, wannan tana aiki?"

Na ce da shi tana da lasisi, kuma ban taɓa bari ya mutu ba.

Ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ba takarda nake tambaya ba. Masu sayen nan da madam da yara suke zuwa. Madam ta ga wannan, cewa za ta yi unguwar ɓarayi ce, shi ya sa oga ke kwana da bindiga. A yi fenti, a nome ciyawa, a sauke wannan, sai mu yi magana."

Ban saba yaro ya gaya mini abin da zan rataye a ɗakina ba, amma na haɗiye. Tun da Allah ya karɓi ran uwargidana, gidan ya yi mini yawa, gwiwoyina kuma suka daina ɗaukar matakala. 'Yata da ke aure a Zariya ta gyara mini ɗaki, sai dai ta gindaya sharaɗi guda cikin ladabi: ba za a shigar da bindiga gidan da jikokina ke wasa ba. Na je ofishin 'yan sanda, aka ce za su karɓa su ajiye, muddin babu komai a cikinta. To, a nan gizo ke saƙar. Akwai ɗuri a cikinta, na kuwa san da haka. Adaka ta baki ake ɗura ta, albarushi a ƙasa, tsumma, dalma, sannan wani tsumman, a daddanna da tsinken ƙarfe. Abin da na sani shi ne, in ta ci, ba ta amayarwa sai an harba.

Ba ni na ɗura ta ba. Sa'ad da aka kawo mu wannan ƙasa muna ma'aikatan safiyo masu auna ƙasa, birnin nan yana kan takarda tukuna, daji ne da duwatsu da gonakin doya. Wani maharbi daga Jiwa, manomi, mai bin addinin kakanninsa, shi ya riƙa nuna mana hanya da mashigin rafi. Ya girme ni kaɗan. Shi ya sa maƙerin garinsu ya ƙera mini bindigar, shi ya koya mini tafiyar da ba ta karya kara, kuma duk fitar da za mu yi shi ke ɗura mini da hannunsa. Yakan ce, "Kai mai takarda, ka iya auna ƙasa, amma albarushi ya fi ƙarfinka. Kawo nan kafin ka mai da matarka gwauruwa." Mun ci zabin daji da gyazbi a gidansa ba adadi. Matarsa kan aiko wa tawa da sabuwar doya, tawa kuma ta aika mata da turare.

Wata safiya bayan girbi ya ɗura mini kamar kullum, muka kama hanya. Muna ratsa gonarsa sai ya tsaya cak. Turakun siminti ne jere a tsakiyar kunya, da lamba da jan fenti. Ya tsuguna ya shafa ɗaya, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yaranka ne suka kafa?"

Na ce umarni ne daga sama.

"Ka sani tun yaushe?"

Na sani tun mako biyu cewa za a karɓe gonarsa. A cikin makon biyun nan sau biyu na ci tuwo a gidansa, ban buɗe baki ba. Da na ce masa na ji nauyi ne, da wataƙila ya zage ni mun wuce wurin. Amma ni matashi ne mai muƙami a lokacin, sai na shiga yi masa bayanin doka da diyya kamar ina ofis. Ya saurara har na ƙare, ya saɓa bindigarsa, ya juya gida. Ni ma na koma, na rataye tawa yadda take, ina cewa mako mai zuwa zan je mu shirya. Makon ya zama shekara, shekarar ta haifi wasu.

Da ya rasu an aiko mini. A al'adarsu, in maharbi ya mutu, abokan farautarsa kan taru a bakin kabari, kowa ya harba sau ɗaya. Na ce wa uwargidana wannan ba hanyar addininmu ba ce. Ta dube ni kurum, ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ta san kunya ce ta hana ni, ni ma na sani.

Saboda haka, da masu fenti suka sa ranar zuwa, sai na ƙudura cewa ɗurin nan a bakin kabarinsa zan sake shi, ko da a makare. Na naɗe bindigar a tabarma, na sa lasisi a aljihu, na ɗauki shatar mota zuwa Jiwa. Hanyar da na auna da ƙafata, sai da direba ya riƙa gaya mini inda muke.

Babban ɗansa na tarar, ya yi furfura, yana gyaran injin niƙa a ƙofar gida. Ya gane ni nan take, ya rusuna, ya kawo kujera. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya ce in zo in gani. Kabarin yana bayan gida, amma ɗakunan haya sun kewaye shi, ga makarantar yara jikin katanga, ana jin karatunsu.

"Baba, a nan za ka harba? Kafin hayaƙi ya tashi an kwashe mu duka." Ya ɗan murmusa. "Ranar nan mun jira ka har rana ya karkata. Tsoho ya faɗa tun yana kwance, ya ce mai takarda ba ya buƙatar shiri, bindiga nasa da ɗuri a ciki, zuwa kawai zai yi."

Na ce ko za mu nemi daji, ko da can wajen Uke ne. Ya ce a fara nuna wa maƙeri.

Maƙerin jikan wanda ya ƙera ta ne, yanzu ƙofofin ƙarfe yake yi. Ya jujjuya ta, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Alhaji, tsatsa ta cinye ta daga ciki. In ka ja kunamar nan, ko dai ta ƙi tashi, ko ta tashi da fuskarka." Ya ce akwai yadda ake fitarwa ba tare da harbi ba. Na so in yi gardama, amma na tuna wanda ke hana ni auna albarushi, na ce ya yi. Ya tsiyaya ruwa ta bakinta, ya bari ya jiƙa, sannan ya zura wani ƙarfe mai murɗaɗɗen kai yana juyawa a hankali. Tsumma ya fara fitowa, baƙi ƙirin, sai dalma guda biyar, sai wani tsumman. Da ya kifa ta, albarushin ya zubo kamar taɓo, ya bi ruwa ya shige kwata. Abin bai kai tafasar shayi ba.

Na miƙa wa ɗan bindigar, na ce ta gidansu ce tun asali. Ya ja da baya da hannu biyu. "A'a, Baba. Nashi ma mun miƙa tuntuni. Zamanin nan, wannan a gida fitina ne. Kai wa hukuma."

Muka koma bayan gida, na tsaya a kan kabarin da bindiga mai jiƙaƙƙen baki. Ba ni da harbin da zan yi masa, kuma ban san addu'ar da za ta dace tsakanina da shi ba. Sai na kira shi yadda nake kiransa a daji, na ce masa na sani tun mako biyu, kuma kamata ya yi in faɗa. Ɗan ya kau da kai yana duban katanga. Na tsaya har tsayuwar ta gagare ni, ya zo ya kama ni ta hammata, ya kai ni mota.

Da direba ya tayar, ɗan ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, in ka koma Zariya, ka riƙa leƙo mu."

Na ce in Allah ya yarda. Daga nan na ce wa direba ya wuce da ni ofishin 'yan sanda kafin a tashi aiki.